Ƙafafun Firmin Suna Neman Kare

Duk wanda ya taɓa yanka burodi ko ya fere dankali a ƙasar Faransa, da wuya a ce wuƙar da ke hannunsa ba daga garinmu Thiers ta fito ba. Mu dai haka muke faɗa, kuma ba ma son a tsaya dogon bincike. Garin a rataye yake a jikin dutse, tsofaffin gidajen katako da yumɓu suna hawa kan juna, titunan kuwa ko akuya ce sai ta tsaya ta huta. Can ƙasa cikin kwazazzabo kogin Durolle ke ta ruri. Shi ya ciyar da majema, ya ciyar da masu yin takarda, da suka shuɗe ya ci gaba da ciyar da masu wuƙa. Akwai masu cewa wai waɗansu mayaƙa ne da suka je gabas a zamanin da suka dawo mana da sirrin ƙarfe. Baƙi na son wannan labarin, shi ya sa ba a daina ba su shi ba.

Wuƙa kan bi hannaye da dama kafin ta isa kasuwa. Akwai mai ƙira, akwai mai gogewa, akwai mai sa mariƙi na ƙaho ko na itace. Gidan su Firmin Rodamel masu washi ne tun kakan kakansa, kuma a cikin masu wuƙa kaf babu masu ji da kai kamar masu washi. Ɗakunansu a jere suke a bakin kogi. Ruwa ya juya wilin katako, wili ya juya dutsen washi, dutsen kuwa da kaɗan mutum ya fi shi tsayi. Mai washi ba ya aiki a tsaye, ba ya yi a zaune. Filanki ake kafa masa a bisa dutsen, ya kwanta rub da ciki, kai da hannuwa sun leƙo ta gaba, ya danna ƙarfen da iya nauyinsa. Ruwan sanyi na zuba kan dutse, laka mai ruwan ƙwai na fantsamo masa, har aka laƙaba musu suna masu rawayan ciki. Hannu na aiki, ƙirji na aiki, amma ƙafafu suna can baya a miƙe tun safe har yamma, sanyin kwazazzabo na cin su. Shi ya sa kowane mai washi yake da kare. Da ya kwanta, karen zai hau ya naɗe a bayan ƙafafunsa ya zame masa bargo.

Gemu bai tsiro wa Firmin ba lokacin da ubansa ya ɗora shi a kan filanki. Ranar farko ya goge fatar yatsunsa, ya lalata wuƙaƙen mutane, ya sha zagi har ya ƙoshi. Abin da ya riƙe daga ranar shi ne wani nauyi mai ɗumi da ya ji ya sauka a ƙafafunsa, ashe tsohuwar karyar gidan ce ta bar uban ta dawo kansa. Waɗansu masu washin sai sun ɗaure karensu da igiya, ko su yi ta lallashinsa da ɓawon burodi, musamman in rana ta fito. Na gidan Rodamel kuwa ba a taɓa ɗaure shi ba. Uban yakan ce, "Jini ne. Mu kare na ganinmu yake sanin nasa." Firmin ya haɗiye maganar nan tun yana yaro, kuma ba ta taɓa tsaya masa a wuya ba.

A saman ɗakin washin akwai bene inda mata ke goge wuƙaƙe su yi ƙyalli. Nan Solange ta taso, tana leƙen masu washi ta tsakanin katakon daɓe. Ubanta mai washi ne shi ma, tari ya kai shi kabari tun tana budurwa, kamar yadda yake kai yawancinsu, don ƙurar dutse da danshi ba sa ƙyale ƙirji. Ta rantse ba za ta auri mai rawayan ciki ba. Ta auri Firmin, kuma har yau in an tambaye ta dalili sai ta ce ai ba ta ga fuskarsa sosai ba kafin auren, kullum ƙeyarsa take gani.

Da lantarki ya wadata, masu masana'antu suka ga ba su da sauran buƙatar kogi. Aka hau da aiki saman gari, ɗakunan bakin ruwa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sarƙaƙiya ta rufe su. Na Rodamel yana cikin na ƙarshe. Firmin ya koma masana'anta, aka ba shi kujera da tabarau da inji mai maɓalli. Ya yi aikin shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kuka da shi, amma jikinsa bai taɓa yarda da zama ba. In an tashi cin abincin rana sai ya nemi benci ya kife a kai. A gida jarida ma a kife yake karanta ta a kan daɓe, Solange na tsallake shi da kwanon miya. Ranar auren 'yarsu sai da ta ja masa kunne kada ya kuskura ya miƙe a bencin coci.

Sai wuƙaƙe masu araha suka fara shigowa daga ƙetaren teku, masana'antu da dama suka rufe, samari suka watse birane. Garin ya zauna ya yi tunani, ya gano yana da abin sayarwa ban da wuƙa, wato tsufansa. Aka wanke tsofaffin gidaje, aka kafa alluna a kan tituna, aka share hanyar bakin kogi don masu yawo da jaka a baya, aka tsiri bikin wuƙa a watan Mayu. Wata ƙungiya ta tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu ta gyara ɗakin washin Rodamel, ta ɗora sabon wili, ta zo neman wanda ya iya kwanciya. Firmin ya riga ya yi ritaya a lokacin. Ba su gama bayani ba ya fara neman tsohuwar rigarsa ta fata. Ya samo 'yar kwikwiya baƙa mai farin wuya ya sa mata suna Mouche. Bai koya mata komai ba. Ya kwanta, ta hau, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Motoci kan sauke baƙi a bakin gada su gangaro suna haki. Akwai Jamusawa masu tambayar nauyin dutse, da 'yan Ingila masu cewa komai ya yi kyau, da 'yan Paris masu tsoron laka. Firmin ba ya ganin fuskarsu, takalmansu kawai yake gani ta gefen ido, kuma a hankali ya iya gane ƙasar mutum daga takalminsa. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne me zai sa mutum ya biyo hanya mai nisa haka, ya ɓata hutunsa, don ya kalli wani yana aiki. Ya sha tambayar Solange. Ita kuwa takan ce, "Abin da mutum bai taɓa yi ba ai shi yake zuwa kallo."

Wata shekara sanyi ya kama masa ƙirji har ya kwanta asibiti. Likita ya nuna wa Solange hoton huhunsa, ya ce daga yanzu sanyi da danshi su ne manyan abokan gabansa. Ta tafi taron ƙungiya ba wanda ya gayyace ta, ta zauna ta ce ba ta tashi sai an yi alkawarin sa gilashi a tagogi da na'urar ɗumama ɗaki. Aka sa. Firmin ya yi ta ƙunƙuni wai an mai da ɗakin washi ɗakin mai jego, amma tarin ya ragu. Mouche ta riga ta girma a kan ƙafafunsa, ta ci gaba da hawa kamar yadda ta saba, rani da hunturu.

A watan Janairun bana Mouche ta mutu, ta tsufa haƙora duk sun zube. Firmin ya binne ta da kansa a bayan ɗakin. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ya ji haushin duk wanda ya yi masa ta'aziyya.

Baƙin hunturu ba su da yawa, tsofaffi ne 'yan fansho da malamai masu jan ɗalibai. Amma duk wanda ya shigo, kafin ya dubi dutse ko wili, sai ya ce, "Ina karen?" Wata mata har ta durƙusa ta nuna masa katin hoton da ake sayarwa a dandali, don ya gane wanda take nufi. Firmin bai taɓa tsayawa ya dubi katin da kyau ba sai ranar. Mouche ce ta cika tsakiya, kunne a tsaye, ido na ƙyalli. Shi kuwa takalmansa ne suka fito da gwiwar hannu ɗaya.

Ba a daɗe ba Coralie Vialatte ta gangaro. Ita ce matar da ƙungiya ta ɗora wa kula da baƙi, jikar wani maƙeri ce, kuma tana ganin girman Firmin. Ta jira ya tashi ya goge hannu.

"Baba Firmin, kada ka ji haushina, aike ne."

"Faɗi, 'yata. Kunnena ya saba da ƙara."

"Kwamiti ya zauna. Rufi na yoyo, wili na son gyara, ga masu motocin baƙi sun fara tambaya ko akwai kare bana. Sun ce in babu, gara su tsaya da mutanensu a saman gari su sha kofi su sayi tsaraba."

"Wuƙa suke zuwa gani ko kare?"

Coralie ta sunkuyar da kai.

"In bikin Mayu ya zo babu kare, za a rufe ƙofar ruwan da ke juya wili," in ji ta. "Za a kafa talabijin a nan a riƙa nuna ka kai da Mouche. Wani ma ya ce a ɗinka karen tsumma a cusa masa auduga, na ce kada in sake ji."

"Wa ya faɗa?"

"Ba zan gaya maka ba, da wuƙa a hannunka."

Firmin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kare dai? Ni ɗan Rodamel za a yi wa barazana da kare? Je ki ce musu kafin ƙanƙarar kan tsauni ta narke an gama."

Aka fara aron karnukan gari. Solange ce ke raka shi, don sai da mai riƙe kare har ya kwanta sannan a saki. Na farko na mai gidan burodi ne, wani ƙato mai kama da ɗan maraƙi. Firmin ya kife, ya sa ƙarfe a dutse, ya jira nauyi. Shiru.

"Yana ina?"

"Ya cinye abincinka na rana," in ji Solange. "Yanzu kuma ya kwanta."

"A ina?"

"Can dai."

Na biyu na mai kemis ne, wata 'yar mitsitsiya mai farin gashi da ake sa wa riga in za ta fita. Ta ji ƙarar dutse ta yi ta haushi har muryarta ta dushe, sannan ita ma ta kwanta can dai. Na maharbi ya shinshina ko'ina, ya faɗa magudanar ruwa bin ɓera, ya fito ya girgiza wa Firmin ruwa a baya, ya tafi can dai. Har karen limamin coci aka kawo, mai ladabi kamar ubangidansa. Ya zauna ya kalli aikin na ɗan lokaci cikin natsuwa, sannan ya yi abin da 'yan uwansa suka yi. Abin haushin, da Firmin ya miƙe tsaye sai su rugo suna kaɗa wutsiya suna lasar hannunsa.

Labari ya cika gari, don a Thiers ko tari ka yi a bakin kogi sai an ji a saman dutse. Octave, abokin Firmin tun makarantar firamare, wanda a da mai sa mariƙi ne, yanzu kuwa ba shi da aiki sai zama a shagon kofi na dandali, shi ya fi kowa jin daɗi.

"Ga mai jinin karnuka nan. Yau kuma wa ya ƙi ka?"

"Rufe mini baki, mai manna ƙaho."

"Ka gwada kyanwa mana. Ko akuyar ƙanwata, ita ba ta zaɓen wurin kwanciya."

"Akuyar ta fi ka amfani, ita ko ba komai ana tatsar ta."

"To ni in zo in hau? Ka saya mini kofi, in naɗe a ƙafarka har da minshari. Jamusawa su ɗauki hoto."

"Ka zuba mini ƙuma? Na gode."

Aka kwashe da dariya, Firmin ma ya yi, amma ya bar kofinsa bai shanye ba. Tsoro ne ya fara shigarsa. Rufe ƙofar ruwa na nufin ya koma gida ya zauna a kujera ya jira mutuwa, wannan ya sani. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashin wannan da ya fi cin ransa. Yana ganin kamar abin nan da ubansa ya bar masa, wanda ba gida ba ne ba gona ba, ya tsiyaye daga jikinsa bai sani ba. Har ta kai ya yi abin da ɗan Rodamel bai taɓa yi ba. Ya shafa cuku a ƙafar wandonsa. Karen mai gidan burodi ya zo ya lashe tas ya yi tafiyarsa.

Wata rana da tsakar rana suna cin miyar kabeji a gida, Firmin yana ta juya cokali bai kai baki ba.

"Solange, ke ce a bayana kullum. Me nake yi ba daidai ba? Ko warina ne ya canza? An ce kare na jin warin tsufa."

"Ci abincinka, tsoho."

"Ubana ko karen kan titi ya yi wa fito, sai ya biyo shi har..."

Ta ajiye cokali da ƙarfi.

"Ubanka, ubanka. Firmin, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin kare yana hawanka?"

Ya buɗe baki zai ce sau dubu, sai ya rufe. Bai taɓa gani ba. Fuskarsa a kan dutse take, kuma mai washi da ya waiwaya yatsa zai bari a wurin. Nauyin kawai yake ji.

"Ni na gani," in ji Solange. "Tun ina yarinya nake kallo ta ramin daɓe. Kare zai shigo yana rawar sanyi, ya zagaya ɗaki, ya shinshina kowane lungu. Ƙasa a jiƙe, bango a jiƙe, ko'ina ƙarfe. Abu ɗaya ne mai ɗumi a ɗakin nan, ƙafafun mutum. Kuma ɗakinku shi ne na can ƙasan kwana, inda rana ba ta leƙawa ko a watan Yuli. Karnukan wasu in hantsi ya dubi ƙofarsu sai su fita shan rana. Naku ina za su? To jinin ke nan."

"Mouche fa?"

"Mouche a cikin sanyi ta koya, kafin a sa na'ura, ta riga ta saba. Waɗannan kuwa duk wanda ka kawo, kana kifewa yake wucewa gindin na'urar ya miƙe ƙafa. Kare ai ba wawa ba ne."

Firmin ya dubi miyar.

"Kin sani tun na farko."

"Na sani."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru. So nake a rufe ruwan nan ka dawo gida. Na binne ubana da tarin nan, ba ni da sha'awar in ƙara. Gajiya na yi da ganin kana shafa cuku a wando kamar taɓaɓɓe, kana zargin kanka."

Ta jira faɗa. Kunya ce ta fara rufe Firmin, kunyar tsohon da ya yi ta cika baki a shagon kofi shekara da shekaru a kan abin da babu. Amma shi mutum ne da tambaya ba ta barinsa ya yi fushi mai tsawo. Can ya ɗago kai.

"Ta wane gefe suke hawa?"

"Me?"

"Karnukan. Ta hagu ko ta dama? Suna fara duban fuskata? Da ƙafar gaba suke fara taɓa ni ko tsalle suke yi?"

Solange ta dube shi, ta gane abin da ta yi da bakinta. Ta kwashe kwanukan bai gama ci ba.

Washegari ya sa Octave ya kai shi da mota gidan da ake tara karnukan da ba su da masu. Aka nuna masa masu kyau, masu gashi luf-luf, ya wuce su. Ya tsaya a gaban wata ramammiyar karya mai launin ƙasa, gashinta gajere har ana ganin haƙarƙari. Mai kula da wurin ya ce a gefen babbar hanya aka tsince ta, kuma matsoraciya ce.

"Wannan ai ko inuwarta ta fi ta ƙiba," in ji Octave. "Me ka gani a jikinta?"

"Ba ta da riga," in ji Firmin.

Da ya kawo ta ɗakin washi sai ya kashe na'urar ɗumama, ya buɗe tagogi duka ya tokare su da itace. Danshin kogi ya dawo ɗakinsa kamar dama jira yake. Coralie ta zo ta tarar da shi numfashinsa na fitar da tururi.

"Baba Firmin, likita fa?"

"Likita ba ya cikin kwamiti."

"Zan koma in roƙe su su ƙara mana lokaci. A bari sai sanyi ya wuce."

"In sanyi ya wuce wa zai koya mata? Ni ban iya ba, 'yata. Yanzu na sani."

Solange ta daina raka shi, ta daina yi masa magana. Takan rufe masa abinci ta ajiye ta shige ɗaki. Shi kuwa kullum da safe sai ya gangara da karyar a igiya, ya sake ta, ya kife. Ta samu wani tsohon buhu a lungu ta maƙale a kai. Ya ɗauke buhun, ya ji kansa mugu, har ya ba ta haƙuri da baki. Ta koma bayan ƙofa. Wata rana ya ji numfashinta kusa da dugadugansa, sai tari ya taso masa ya girgiza filanki, ta arce. Tarin ya dawo da ƙarfinsa na da, irin mai fitowa daga can ƙasa. Firmin ya koyi danne shi, ya riƙe numfashi har idonsa ya kawo ruwa. Bai sa mata suna ba, ya ce sai ta hau tukuna.

Ƙarshen watan Maris sanyi ya juyo, aka wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe rufin gidaje. Solange ta ji shi yana tari a matakala kafin ya fita, tari mai tsawo, har sai da ya dafa bango. Ta zauna ta ce ba ruwanta. Ta tashi ta share ɗaki mai tsabta. Daga ƙarshe ta ɗauki babbar rigarsa ta ulu ta bi hanyar kogi, tana taka ƙanƙara a hankali tana zaginsa a ranta. Ta yanke shawara za ta rufe tagogin nan, ta kunna na'ura, in ya yi gardama ta sauke ƙofar ruwa da hannunta kowa ya huta.

Ta tura ƙofa, ƙarar dutse ta haɗiye motsinta. Iska ta biyo bayanta ta shige ɗakin da ƙarfi. Ga Firmin a kife, ƙafafunsa a miƙe cikin wando mai danshi. Ga karyar a tsakiyar ɗaki, jikinta na ɓari, wutsiya a matse. Iskar da ta shigo ta sa ta ƙara tsukewa. Ta nufi bango ta shinshina, ta dawo. Ta nufi gindin na'urar da ke kashe, ta taɓa ƙarfen da hanci, ta ja baya. Solange ta san wannan zagayen. Hannunta yana kan ƙofa za ta rufe, sai ya tsaya.

Firmin ya ji iskar a ƙafafunsa, ya ɗaga ƙarfen daga dutse.

"Wane ne?"

"Yi shiru. Kada ka juya."

"Solange? Me take yi?"

"Tana zagaye."

"Ta ina?"

"Ta hagu. Ta tsaya. Tana shinshinar takalminka."

"Tana duban fuskata?"

"Wa zai dubi fuskarka? Yi shiru na ce. Ta ɗora ƙafa ɗaya a filanki. Ta sauke. Ta sake ɗorawa."

Ta ga bayansa ya kumbura, tari ya taso yana danne shi, wuyansa ya yi ja. Karyar ta ja jikinta sama da ƙyar, ta tsaya a kan ƙafafunsa tana rawa, ta juya, ta sake juyawa, sannan ta naɗe ta cusa hanci a bayan gwiwarsa.

Firmin bai mai da ƙarfen kan dutse ba. Dutse na ta juyawa shi kaɗai, shi kuwa yana kwance bai motsa ko yatsa ba, kafaɗunsa kawai ke girgiza. Solange ba ta iya gane ko tarin ne ko kuka ba.

"Ɗumi take nema, na sani," ya ce da ƙaramar murya. "Ai ina da shi."

Solange ta tsaya da rigar ulu a hannu. In ta lulluɓe shi karyar za ta firgita, in ta rufe ƙofa ɗakin zai fara ɗumi tun karyar ba ta gama sanin wurinta ba. Ta san abin da kowane numfashi na iskar nan ke yi wa ƙirjinsa, ta ga hoton da idonta. A lokacin nan ta tsani karyar, ta tsani kogin, ta tsani baƙin da za su zo a watan Mayu da kyamarorinsu, kuma tausayin tsohon nan ya cika ta har ya yi mata ciwo. Ta sa ƙafa ta tokare ƙofar, ta matsa gefe don kada jikinta ya tare iskar.